ROLAN BINGAM, WANDA YA KAFA MISHAN TA SIM

A filin tarihin mutanen da na wannan lamba, mun kawo maku labarin wani Anasara wanda kaɗan ne cikinmu suka san sunansa, ko da yake da yawa sun taɓa kai majinyaci likitar Galmi ko ta Danja. Mishan ta SIM ce ta gina su, wanda ya kafa ta kuwa shi ne Rolan Bingam. Labarinsa yana nuna abin da Kirista ke nufi da bangaskiyar mutum ta kansa, da dalilin da ya sa suka ɗora wa'azinsu a kanta.

An haife shi a shekarar 1872 a kudancin Ingila. Ubansa ya rasu yana yaro, dole ya fara neman na kansa tun da wuri. Gidansu na Kirista ne, amma sai da ya kai shekara 15, wurin taron wa'azin wata ƙungiya da ake kira Sojan Ceto, ya ce ya ba da gaskiya shi da kansa. A wurin Kirista masu bin tafarkin bishara, bangaskiya ba gado ba ce kamar gona ko garke. Ba uba ke yi wa ɗa ba, ba kuma sarki ke yi wa talakawansa ba. Kowane mutum sai ya ji labarin Yesu Almasihu, ya auna a zuciyarsa, ya amsa da bakinsa. To, in haka ne, sai an samu wanda zai kai labarin. Daga nan wa'azi ya zama masu wajibi.

Bayan shekara guda Bingam ya yi ƙaura zuwa Kanada. A Toronto ya haɗu da wata dattijuwa, uwar wani saurayi mai suna Walta Gowans, ta ba shi labarin ƙasar Sudan. A wancan zamani Sudan na nufin jerin ƙasashen baƙar fata da ke dab da hamada ta kudu, har da ƙasar Hausa da Barno. Ɗanta ya riga ya ƙudura zuwa can. Bingam ya bi shi, tare da wani Ba'amurke, Tomas Kent. Babu wata babbar ekilisiya da ta ɗauki nauyinsu, babu albashi. Ran 4 ga Disamba 1893 suka sauka Ikko, Bingam bai cika shekara 21 ba.

Tsofaffin 'yan mishan na Ikko suka gargaɗe su cewa tafiyar ba za ta yiwu ba. Ba a jima ba masassara ta kayar da Bingam, ya tsaya bakin teku yana aika wa abokansa guzuri. Su biyu suka nufi arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, wajen Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingam ya koma Kanada a 1895, ba tasha ko ɗaya, ba wanda ya tuba, sai kaburbura biyu.

A nan bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya tafi ne da koyarwar da ya karɓa daga wasu malamansa, cewa Allah ya yi wa mai bi alkawarin warkewa daga cuta. Ga shi mutum biyu da bai san wanda ya fi su riƙon addini ba sun mutu da ƙuruciya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Bingam ya shiga shakka mai tsanani, ya zauna ya sake bincikar Littafi Mai Tsarki da kansa, yana rarrabe abin da ya tabbata a zuciyarsa da abin da ya ara daga bakin wasu. Ya fito da bangaskiyarsa ga Almasihu, amma ya ajiye waccan koyarwa. Ya je Amurka ya ƙara karatun addini, ya koyi aikin jinya kaɗan, ya yi aikin fasto. Daga baya har littafi ya rubuta yana bayyana cewa shan magani bai saɓa wa dogara ga Allah ba.

A 1900 ya sake zuwa Ikko da sababbin abokai. Cikin 'yan makonni masassara ta sake kama shi, aka sa shi jirgin ruwa aka mai da shi gida, abokan kuma suka karaya suka biyo shi. Sau biyu ke nan. Duk da haka ya tara ƙungiya ta uku, ya aike ta a 1901, shi ya zauna Kanada yana neman ma'aikata da kuɗi. Lokacin an riga an gano, tun 1897, cewa sauro ke yaɗa masassara, ana kuma shan kinin don kariya. A 1902 suka kafa tashar farko a Patigi, ƙasar Nupe, bakin kogin Kwara.

Daga Patigi aikin ya bazu cikin Nijeriya, ya shigo Damagaram a 1924, ya kai Tsibiri kusa da Maraɗi bayan 'yan shekaru, ya isa Habasha a 1927. Bingam ya rasu a Toronto cikin Disamba 1942, mishan tana da ɗaruruwan ma'aikata. Likitar Galmi an buɗe ta a 1950, shekara 8 bayan rasuwarsa. Wato mishan ta mutumin da ya fara tafiya da zaton addu'a ta isa, ita ce ta zo ta gina ɗakin tiyata, ta yi jinyar kutare a Danja.

Wannan aƙida ta bangaskiyar kai ita ta tsara yadda suka yi aiki. Da yake ana so kowa ya karanta da idonsa, sai suka dage kan koyar da boko da buga littattafai da harsunan mutane. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin 'yan mishan na ƙungiyoyi dabam-dabam tare da malamai Hausawa. Ba su yi wa mutum baftisma sai ya girma ya furta da bakinsa. Saboda haka tuba ɗaya-ɗaya take zuwa, wani mai wa'azi ya shekara da shekaru kafin ya ga mutum guda. A Nijar, inda Musulunci ya kafu tun da daɗewa, Kirista 'yan kaɗan ne har yau. Cikinsu akwai 'yan ekilisiyar EERN, wadda ta fito daga aikin SIM wajen lokacin samun mulkin kai, 'yan ƙasa ke shugabancinta.

Wasu sun soki 'yan mishan cewa sun samu shiga ne ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka, wannan magana kuma tana da nata nauyi. Amma rayuwar Bingam ta bar mana abin dubawa, kowa da addininsa. Abin da ya karɓa ba bincike ya karye ranar wahala, abin da ya auna da kansa kuwa ya riƙe shi kusan shekara 50 cikin aiki guda.

Wanda ke da tarihin wani mutumin da, ya miƙa wa magatakardan ƙungiya kafin taron wata. Mu kwana nan, sai lamba ta gaba.