Ibn Sina: Likitan da ya Nemi Ma'anar Kalmar "Ni"

Gabatarwa

A ajin nahawu mun saba ɗaukar kalmar "ni" a matsayin wakilin suna na mai magana, mu rubuta ta a allo, mu wuce. Amma da za a tsare ɗalibi a ce ya nuna abin da wannan 'yar kalma take wakilta, da ido ya raina fata. In ya dafa ƙirji, a ce masa wannan ƙirji ne. In ya dafa kansa, a ce masa ai wannan kai ne, ba kai ba ne. Wannan ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wani malami da ya ɗauki wannan tambaya da gaske shekara dubu da suka wuce, wato Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda duniya ta fi sani da Ibn Sina.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Ibn Sina wajajen shekarar 980 Miladiyya a ƙauyen Afshana kusa da birnin Bukhara, a ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Mahaifinsa ma'aikaci ne a daular Samaniyawa. Mafi yawan abin da muka sani game da ƙuruciyarsa daga bakinsa ya fito, domin shi ya yi wa almajirinsa Juzjani shiftar tarihinsa, almajirin kuma ya ƙarasa sauran. A cikin wannan tarihi an nuna ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10, ya koyi lissafin Indiya a wurin wani mai sayar da kayan lambu, sannan wani malami mai suna Natili ya fara masa manɗiƙi da lissafin Yunanawa. Kafin a ce kwabo, ɗalibi ya kere malami. Yana ɗan shekara 16 ya duƙufa kan likitanci.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato littafin Aristotal na abin da ke bayan ɗabi'a. Ya karanta shi sau 40 har ya haddace, amma ma'ana ta ƙi fitowa. Sai wata rana a kasuwar littattafai wani dillali ya tallata masa wani ɗan littafi na Farabi a kan dirhami 3. Da ya karanta, sai ƙofa ta buɗe. Bayan haka ya yi wa Sarki Nuhu ɗan Mansur magani, aka saka masa da izinin shiga ɗakin karatu na fada, inda ya ga littattafan da bai taɓa jin sunansu ba.

Rayuwar Gudun Hijira

Daular Samaniyawa ta faɗi a 999, mahaifinsa kuma ya rasu, sai ya shiga yawo daga wannan fada zuwa waccan: Gurganj, Jurjan, Rayyi, har Hamadan a ƙasar Iran ta yau. A Hamadan ya warkar da Sarki Shamsud Daula daga ciwon ciki, aka naɗa shi waziri. Sojoji suka yi masa bore, suka wawashe gidansa, har suka nemi a kashe shi, ya ɓuya kwana 40. Bayan rasuwar sarkin a 1021 ya sake ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, kuma a nan ne, ba tare da littafi ko ɗaya a gabansa ba, ya riƙa rubuta shafi 50 a kullum na babban littafinsa Kitabus Shifa. Daga baya aka kama shi, ya yi wata 4 a tsare a ganuwar Fardajan. Ƙarshe dai ya sulale daga Hamadan cikin shigar sufaye, ya nufi Isfahan wurin Sarki Ala'ud Daula, inda ya ɗan sami natsuwa.

Mutumin da ke Shawagi

A sashen Shifa da ya yi magana kan rai, Ibn Sina ya gayyaci mai karatu ya yi wani gwaji a zuci. A ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya, baligi, mai cikakken hankali, amma idonsa a rufe. Yana rataye a sarari, iska ba ta kaɗa shi, gaɓoɓinsa a ware, yatsa ba ya taɓa yatsa. Ba ya ji, ba ya gani, ba ya tuna komai. Shin wannan mutum zai san yana nan? Ibn Sina ya amsa da cewa zai sani. Ba zai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, amma ba zai yi shakkar samuwar kansa ba. Daga nan ya fitar da cewa abin da mutum yake nufi idan ya ce "ni" ba jiki ba ne.

Fiye da shekara 600 bayan haka Bafaranshen nan Dekat ya bi makamanciyar wannan hanya. Masu suka kuwa sun ce mutum ya san kansa ba tare da ya san jikinsa ba, ba ya nuna cewa su biyun abubuwa ne daban. A ganina sukar tana da ƙarfi, amma ba ta kashe tambayar ba. A yau akwai na'urorin da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki idan mutum ya ga jan launi ko ya ji zafi, amma masana ba su haɗu a kan bayanin yadda motsin jijiyoyi yake zama ji da sani ba.

Dutsen da Aka Jefa da Zaɓin Ɗan'adam

A fannin fiziks ma ya taɓo babbar tambaya: me ke sa dutse ya ci gaba da tafiya bayan ya bar hannun mai jifa? Aristotal ya ɗora abin a kan iska. Ibn Sina ya ƙi yarda. A wurinsa mai jifa yana sanya wa dutsen wata karkata, wadda ya kira mailu, kuma wannan karkata ba ta ƙarewa don kanta, sai abin da ya tare ta, kamar iska. Wannan ra'ayi ya yi kusa da dokar motsi ta farko da Niyuton ya wallafa a 1687, ko da yake ba ɗaya suke ba.

Wanda ya yarda kowane motsi yana da sanadi, dole ya ci karo da tambaya ta gaba: to, niyyar mutum fa? Ibn Sina bai kauce ba. Ya tafi a kan cewa niyya ma tana da sanadi, sanadin ma yana da nasa, har silsilar ta tuƙe ga Mahalicci. Mutum yana aikata abin da ya so, amma son nasa bai faɗo daga sama ba. Har yanzu masu nazarin littattafansa suna saɓani kan ko wannan ya bar wa zaɓi gurbi na gaske. Imam Gazali kuwa, a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya yi masa raddi mai zafi a kan dawwamar duniya, da sanin Allah ga ɗaiɗaikun abubuwa, da tashin jikkuna.

Game da abubuwan al'ajabi, irin su mafarkin da ke zama gaskiya, ya keɓe musu babin ƙarshe na littafinsa Isharat. Matsayinsa shi ne, mai ƙaryata duk abin da bai gane ba da mai gaskata duk abin da ya ji, jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da ba a tabbatar ba, a ajiye shi cikin abin da zai yiwu har hujja ta bayyana. Da wannan ma'auni ne ya ƙaryata masu duban taurari da masu da'awar mayar da tagulla zinari.

Ibn Sina da Harshe

Nan ne labarin ya fi shafar mu. Wata rana a majalisar sarkin Isfahan, masanin lugga Abu Mansur Jabban ya gwasale shi, ya nuna masa cewa falsafa ya sani, ba Larabci ba. Ibn Sina bai yi musu ba. Ya shekara 3 yana nazarin lugga, sannan ya tsara waƙoƙi 3 da wasiƙu 3 cike da baƙin kalmomi, aka ɗinke su aka tsufar da bangon, sarki ya miƙa wa Jabban a matsayin tsohon littafin da aka tsinta wurin farauta. Kalmomi suka sha wa Jabban kai, Ibn Sina ya riƙa warware masa su ɗaya bayan ɗaya, har ya gane dawan garin ya ba da haƙuri. Wannan Jabban ɗin ne ya roƙe shi ya rubuta Asbabu Hudusil Huruf, ɗan littafi kan furuci da ya bayyana yadda sauti ke samuwa da aikin maƙogwaro da harshe. Haka kuma ya rubuta Danishnama da Farisanci, harshensa na gida, inda ya ƙirƙiro wa falsafa da kimiyya kalmomi a lokacin da Larabci ne harshen ilimi.

Rasuwarsa

Ciwon cikin da ya sha warkar da sarakuna shi ya kama shi yana tare da rundunar Ala'ud Daula. Ya rasu a Hamadan a 1037, daidai da 428 Hijiriyya, kuma kabarinsa yana can. Littafinsa na likitanci, Alƙanun fid Ɗibbi, an fassara shi zuwa Latinanci a ƙarni na 12, aka yi ta karantar da shi a jami'o'in Turai har ƙarni na 17.

Kammalawa

Likitoci sun daɗe da wuce Alƙanun, masana fiziks sun wuce mailu, amma mutumin da ke shawagi yana nan a rataye, ba wanda ya sauko da shi. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, Ibn Sina bai ce Farisanci ya yi wa waɗannan tambayoyi ƙanƙanta ba. Mu ma muna da rai da kurwa da hankali da zuciya da tunani. Wace ce a cikinsu take ɗaukar wannan sanin kai da ya bayyana, ko kuwa sai mun ƙirƙiro sabuwa? Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa.