Marigayi Alhaji Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau

An haifi Alhaji Nuhu Bamalli a birnin Zariya cikin 1917, a gidan sarautar Mallawa. Ya yi aikin fassara da talifi kafin ya shiga siyasa, har ya zama jigo a jam'iyyar NPC.

A zaɓen tarayya na 1959 kowace mazaɓa wakili guda take fitarwa, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci. Wannan tsari ya yi wa NPC rana, domin magoya bayanta a dunƙule suke a Arewa. Ta sami kujeru 134 cikin 312, alhali NCNC da ƙawarta NEPU, waɗanda suka fi ta yawan ƙuri'u, 89 suka samu. Da yake babu mai cikakken rinjaye, tilas NPC da NCNC suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa.

A cikinta ne Malam Nuhu ya zama ƙaramin ministan harkokin waje, yana aiki da Jaja Wachuku na NCNC. Cikin 1965 ya zama cikakken minista, har juyin mulkin 1966.

Ya rasu cikin 2001. Allah ya jiƙansa, amin.