Alhaji Umaru Salaga, malamin fatake da ya rubuta rayuwar kasuwar Gwanja

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi, ko Yendi, ko Bawku, ko Sokode, idan ya bi salsalar karatun malaman unguwarsu, da wuya bai ci karo da sunan Alhaji Umaru ba. Wasu na kiransa Umaru Salaga, wasu Umaru Karaci, Turawa kuma suka rubuta shi Imam Imoru. An fi saninsa da waƙoƙi, amma rayuwarsa kaf a cikin fatauci ta gudana, kuma abin da ya bari a rubuce na daga cikin muhimman shaidun yadda Musulmin yankin suka yi ciniki, suka biya fito, suka kuma riƙe amana a ƙasar da ba tasu ba.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu daga Kabi ne, mahaifinsa Abubakar kuwa malami ne kuma bafatake. Umaru ya yi karatun allo a Kano, ya ci gaba da neman ilimi a ƙasashen Kabi da Gobir, yana kuma bin mahaifinsa tafiyar Gwanja. Tafiya ce ta watanni. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da rini da fatu da tufafi, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu zuwa Sansanne Mango, ya sauka Yendi, sannan Salaga. Wata hanyar kuma ta arewa ce, ta ƙasar Gurma da Mosi, ta biyo Bawku da Gambaga. A komo da goro, wanda ake sauyawa ganye a hanya don kada ya bushe.

A kan wannan hanya kowane sarki na da rabonsa. Madugu ne ke zama da masu ƙasa a daidaita kuɗin fito, a biya da wuri ko da kaya, kuma duk abin da aka biya a can, mai sayen goro a kasuwar Kurmi shi ke ɗaukarsa a ƙarshe. A Salaga baƙo kan sauka gidan fatoma, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, a cire la'ada. Babu banki, babu kotun da ta haɗa Kano da Gwanja. Abin da ya riƙe cinikin shi ne addini ɗaya: liman ya raba gardamar bashi, malami ya rubuta takarda, mahauci Musulmi ya yanka dabba yadda matafiyi zai ci nama hankalinsa kwance. Haka kuma ba a ɓoye cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani, kuma wani ɓangare na arzikinta daga nan ya fito.

Tun yana da shekara kusan ashirin Umaru ya wallafa wani littafin Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa, mai suna Al-Sarhatul Wariƙa, wanda daga baya aka buga a Alƙahira. A duniyar da saƙo da amana ke tafiya a rubuce cikin jakar fatake, irin wannan littafi kayan aiki ne.

Lokacin da ya zauna Salaga, kasuwar ta riga ta fara ja da baya. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, Gwanja ta ɓalle daga Asante, cinikin goro kuma ya karkata zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke, inda Kabachewura Isifa, da taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba, ya kori sarkin Kpembe. Aka washe gari, 'yan kasuwa suka watse. Umaru ya ga wannan da idonsa, ya kuma tsara shi a waƙar Larabci daga baya. A Salaga ne kuma ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa.

Wajen 1896 ya bi sauran fatake zuwa Kete-Karaci a bakin kogin Volta, ƙarƙashin Jamusawan Togo, inda ya zama limamin zango. A wannan shekara ce Jamusawa suka ci Dagomba da yaƙi a Adibo kusa da Yendi. A 1899 Turawa suka raba yankin: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus. Hanyar da ta kasance ɗaya ta koma tana ƙetare iyakoki, kowace gwamnati na kafa tashar karɓar harajin ayari, tana jan fatake zuwa kasuwarta. Umaru ya yi waƙoƙi biyu na Larabci kan zuwan Nasara wajen 1899 da 1900, sannan ta Hausa a 1903, yana lissafa garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka bai ƙi zama da su ba. Jami'in Jamus Adam Mischlich ya yi karatun Hausa a wurinsa, shi kuma ya rubuta masa da ajami bayanai masu yawa kan tarihin ƙasar Hausa, da noma, da sana'o'i, da fatauci. Ƙamus ɗin Hausa na Mischlich ya fito a 1906, littafinsa kan noma da sana'a da ciniki kuma a 1942. Masu nazarin tattalin arzikin Daular Usmaniyya har yau suna komawa ga waɗannan rubuce-rubuce, domin ɗan ciki ne ya yi su.

Waƙarsa ta Talauci da Wadata ita ce ta fi taɓa rayuwar talaka. A cikinta ya nuna yadda jama'a ke wulaƙanta marar abin hannu ko da yana da gaskiya, suna girmama mai kuɗi ko da ba ya da ita. Mutumin da ya ga attajiran Salaga sun wayi gari ba ko anini, ya san abin da yake faɗa.

A 1913 ya tafi aikin Hajji, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a can, ya dawo bayan wasu shekaru. Annobar mura ta 1918 ma ya yi mata waƙa. Ya ci gaba da koyarwa, almajiransa suka bazu a zangunan Ghana da Togo, suna limanci suna buɗe makarantu. Ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Tsohon garin ya nutse a tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, amma a daidai wannan lokaci Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara kwafin rubuce-rubucensa daga hannun malamai.

Yau motocin shanu da albasa daga Nijar da Burkina Faso na shigowa ta Bawku, suna tsayawa shinge bayan shinge, kuɗin da aka biya kuma na ƙarewa a kan mai cefane a Kumasi da Accra. Mahautan zango har yanzu su ne jama'a ke dogaro da su wajen naman halal. Wanda ya karanta Alhaji Umaru zai gane cewa wannan lissafi ya girmi iyakokin da ake biyan kuɗin a kansu. Allah Ya jiƙansa da rahama.