Henry Gunther: Sojan Da Ya Mutu Saura Minti Ɗaya A Tsagaita Wuta

Cikin miliyoyin sojojin ƙasa da Yaƙin Duniya na Farko ya ci, babu wanda labarinsa ya tsaya mini a rai kamar Henry Gunther. An haife shi a birnin Baltimore na Amurka a 1895, kakanninsa Jamusawa ne. Yana aikin banki aka ɗauke shi soja ala tilas a 1917, har ya kai muƙamin saje.

Da aka kai su Faransa a 1918, sai ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa yana kuka da wahalar bakin daga, ya ba shi shawarar ya kauce wa shiga soja. Masu tace wasiƙu suka kama ta, aka sauke shi ya koma farabiti. A ganina wannan kunya, haɗe da kallon zargi da ake yi wa masu jinin Jamus, ita ta riƙa cin sa a zuci.

Ranar 11 ga Nuwamba 1918 da asuba aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta, wadda za ta fara aiki ƙarfe 11 na safe. Kusa da ƙauyen Chaumont-devant-Damvillers, Gunther ya zabura shi kaɗai, da wuƙa a bakin bindigarsa, ya nufi Jamusawa masu bindiga mai jigida. Su da suka san yaƙi ya ƙare suka riƙa yi masa alama da hannu ya koma. Bai tsaya ba, suka harbe shi da ƙarfe 10:59.

Daga baya aka mayar masa da muƙaminsa. A 1923 aka kai gawarsa Baltimore aka binne.