Marigayi Oliver Heaviside, Masanin Cututtukan Waya

Duk mai gyaran rediyo ko talabijin a Fagge da Sabon Gari ya san cututtuka biyu da ke damun waya. Ta farko, ƙarfin lantarki yakan salwanta a hanya ya koma zafi. Ta biyu kuwa, saƙon wata waya yakan kutsa cikin maƙwabciyarta ya haddasa ƙara. Cikin waɗanda suka binciko asalin cututtukan nan, Oliver Heaviside na sahun gaba.

An haife shi a Landan ran 18 ga Mayu, 1850. Tun yana yaro zazzaɓi ya taɓa masa ji, ya kuma bar makaranta yana ɗan shekara 16. A 1868 ya kama aikin tangaraho, amma a 1874 ya ajiye, ya koma gidan iyayensa yana koya wa kansa lissafi daga littafin James Clerk Maxwell.

A 1880 ya yi rajistar wata irin waya mai zare ɗaya a tsakiya, wanda kuben ƙarfe ya lulluɓe don tsare shi daga kutse, watau irin wadda ke haɗa eriya da talabijin. A 1885 ya bayyana cewa lantarki mai saurin kai-da-komo yakan ƙaurace wa cikin waya ya bi ta fatarta, hanya ta ƙuntata, asara ta ƙaru. Sa'an nan ya taƙaita ƙa'idojin Maxwell guda 20 suka koma huɗu. Su ne injiniyoyin yau ke ɗora wa kwamfuta ta lissafa asara da kutsen da na'ura za ta fuskanta tun ba a ƙera ta ba.

A 1887 ya kawo dabarar gyara muryar tarho mai nisan zango, amma William Preece, babban jami'i a Gidan Waya na Ingila, ya yi fatali da ita. Daga baya Michael Pupin ya yi rajistar irinta a Amurka a 1900, ya sami dukiya mai yawa.

Ko da yake shi aka fara bai wa lambar girma ta Faraday a 1922, Heaviside ya rasu cikin talauci da kaɗaici a garin Torquay ran 3 ga Fabrairu, 1925. Bai taɓa shiga jami'a ba, amma har yau ɗaliban injiniya ba su da makawa sai sun bi ta kan lissafinsa.