Sista Kenny da Yara Masu Shan Inna

Wataƙila a garinku akwai wanda cutar shan inna ta shanye masa ƙafa tun yana yaro. Wataƙila kuma kun taɓa shiga sashen gashi na wani asibiti, kuka ga ma'aikaci yana lanƙwasa ƙafar majiyyaci, yana miƙe ta, sannan ya ce masa ya gwada da kansa. A yau ba wanda yake mamakin haka. Amma a dā likitoci da yawa suna ganin motsa gaɓar da ta shanye ganganci ne. Matar da za ku karanta tarihinta ta yi shekaru tana jayayya da su a kan wannan magana.

An haifi Elizabeth Kenny ranar 20 ga Satumba, 1880, a garin Warialda na ƙasar Ostiraliya. Iyayenta mutanen karkara ne, kuma ba ta yi nisa a makaranta ba. Tana budurwa ta faɗo daga kan doki, ta karye a wuyan hannu. Likitan da ya duba ta a Toowoomba, wato Aeneas McDonnell, ya ga tana son sanin yadda ƙashi da tsoka suke aiki, sai ya ara mata littattafansa. Daga baya ta riƙa yin jinya a ƙauyuka, tana zuwa gidajen marasa lafiya a kan doki, ko da yake ba ta da takardar shaidar makarantar jinya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki cikin jiragen ruwa masu mayar da sojojin da suka ji rauni gida. A nan ta sami muƙamin Sista. Ku lura, wannan muƙami ne na babbar ma'aikaciyar jinya, ba na addini ba.

Kafin ku gane aikinta, sai kun san cutar. Ƙwayar shan inna tana shiga jiki ta baki, ta hanyar gurɓataccen ruwa ko abinci. A jikin wasu mutane kaɗan takan kai ga lakar da ke cikin ƙashin baya, ta kashe jijiyoyin da suke ba tsoka umarnin motsi. Likitocin wancan zamani suna tsoron kada tsokoki masu ƙarfi su ja gaɓar ta karkace. Saboda haka sai su ɗaure ƙafar yaro da ƙarafa ko su sa ta a siminti, ya yi watanni a kwance. Niyyarsu mai kyau ce. Sai dai gaɓar da ta daɗe ba motsi takan sandare, tsokar da ba ta aiki kuma takan rame, har da wadda cutar ba ta taɓa ba.

Kenny ta bi wata hanya dabam. Ta lura cewa tsokokin yaran suna ɗaurewa, suna yi musu ciwo mai tsanani. Sai ta yayyanka bargon ulu, ta tsoma a ruwan zafi, ta matse sosai, ta naɗe gaɓar da shi. Idan zafi ya sassauta tsokar, sai ta kama gaɓar ta motsa ta a hankali, ba tare da yaron ya sa ƙarfinsa ba. Bayan haka aiki mafi wuya ya zo. Takan taɓa tsokar da yatsa, ta sa yaron ya mayar da hankalinsa a kanta, ya yi ƙoƙarin motsa ta shi da kansa. Ba ta yarda ya yi amfani da wata tsoka a madadinta ba. Haka za a yi ta maimaitawa kullum, har motsin ya zauna.

Ta fara wannan aiki sosai a garin Townsville a farkon shekarun 1930. Iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu, amma manyan likitoci ba su gamsu ba. A 1938 kwamitin likitocin da gwamnatin jihar Queensland ta kafa ya soki hanyarta, musamman ƙin amfani da ƙarafa. A 1940 ta tafi Amurka. Likitocin birnin Minneapolis suka ba ta dama ta nuna aikinta, kuma a 1942 aka buɗe cibiya da sunanta a can. Aka yi fim ɗin rayuwarta a 1946.

Kada ku ɗauka cewa duk abin da ta faɗa daidai ne. Ta nace cewa yawancin illar cutar daga tsoka take, alhali tushenta a jijiyoyin laka yake. Hanyarta ba ta kashe ƙwayar cutar, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ita kanta mace ce mai kaifin harshe, ba ta haƙuri da masu yi mata gardama, abin da ya ƙara mata abokan gaba. Amma idonta ya ga abin da masu digiri suka tsallake: yaron da aka rage masa ciwo, aka fara motsa shi da wuri, aka koya masa amfani da ƙarfin da ya rage masa, ya fi samun sauƙi a kan wanda aka ɗaure aka ajiye.

Ta koma Ostiraliya tana fama da ciwon makyarkyata, ta rasu a Toowoomba ranar 30 ga Nuwamba, 1952. A shekarar nan mutane fiye da 57,000 suka kamu da shan inna a Amurka. A 1955 aka fara amfani da allurar rigakafin Jonas Salk. Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe a Afirka da ainihin ƙwayar cutar ta bari, kuma a 2020 aka bayyana cewa nahiyar ta rabu da ita. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan a cikinmu, kuma su da masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka yi haɗari ne za ku tarar a sashen gashi, ana motsa musu gaɓoɓi.