Henriyeta Libit, Mai Awon Nisan Taurari

Ɗan uwa mai karatu, in ka fito da dare a Kurni ka hango fitila can cikin duhu, yaya za ka san nisanta? Wataƙila ƙarama ce a kusa, wataƙila babba ce a nesa. Haka taurari suka daɗe suna rikita masana. Wata mace ce ta gano bakin zaren.

Sunanta Henriyeta Libit. An haife ta a Amurka a 1868. Ta yi karatu mai zurfi, amma a hankali ta kurmance. Duk da haka ba ta naɗe hannu ba. A 1902 aka ɗauke ta aiki a gidan nazarin taurari na Jami'ar Habad, albashi ɗan kaɗan. A lokacin ba a ba mata madubin hangen taurari. Aikinta shi ne duba hotunan sama da aka ɗauko a jikin gilashi.

Akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa, ya ragu, ya sake ƙaruwa, kamar numfashi. A 1908 ta lissafa irinsu guda 1,777 a cikin wasu tarin taurari biyu da ake kira Gajimaren Majalan. Taurarin tari ɗaya, nisansu da mu kusan ɗaya ne, kamar fitilun ƙauye guda. Ke nan wanda ya fi haske a cikinsu, shi ne babbar fitila.

A 1912 ta auna guda 25. Sai ta ga tauraron da ya fi jan numfashi a hankali, shi ya fi haske. To, ka gani? In ka ƙirga kwanakin numfashinsa, ka san ƙarfin haskensa. In ka duba yadda ya dushe a ido, ka san nisansa.

Ciwon daji ya yi ajalinta a 1921, tana da shekara 53, mutane kaɗan suka san ta. Bayan rasuwarta, wani masani mai suna Edwin Habul ya yi awo da ma'auninta, ya tabbatar akwai wasu tarin taurari nesa ƙwarai da namu.

Har yau da ma'aunin nan ake aiki. Sai dai yanzu ana duba taurarin da wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa ƙurar sama.

Kai ma da kake haɗa baƙi da baƙi, kada ka gaji. Ita ma da ɗaiɗai ta ƙirga.